Sulke Ba Ya Hana Kibiya Zuwa: Rigakafi Da Nau'in Korona Mai Suna Omikron

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai jarraba bayinSa da cuta, Mai yaye musu ita. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karanta wannan fili, akwai wata tambaya da ta daɗe tana bin mu, tun daga ƙarshen shekarar 2021, a zaure da ƙofar masallaci da wurin ɗaurin aure. Na baya-bayan nan da ya kawo mana ita wani Alhaji ne mai sayar da yadi, mutum mai hankali, wanda ba mu san shi da gardamar banza ba. Ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, an ce mu yi allurar korona, mun yi har sau biyu don kada a hana mu zuwa Umra. Bayan wata bakwai sai ga ni kwance da zazzaɓi da tari da ciwon maƙogwaro, aka gwada aka ce ita ce. Maƙwabcina kuwa ko sau ɗaya bai miƙa damtse ba, shi ma ya yi 'yar murarsa ya tashi. To, ina amfanin allurar nan? Kuma tun da likitocin da kansu sun ce sabuwar cutar ba ta da zafi, ashe ba wahalar da mu kawai aka yi ba?"

Wannan tambaya ba ta raini ba ce, kuma ba a amsa ta da tsawa. Malaman usulu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙaninsa tukuna. Sabo da haka bari mu fara da sanin abin da a ke magana a kansa.

Ran 24 ga Nuwamba 2021, watau cikin watan Rabi'u Sani na shekarar 1443, masana a Afirka ta Kudu suka sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cewa sun ga wani sabon nau'in ƙwayar korona, wanda takwarorinsu na Botswana su ma suka gano cikin kwanakin nan. Bayan kwana biyu hukumar ta sa masa suna Omikron. Babu wani asiri a cikin sunan. Harafi ne na 15 a baƙaƙen Yunanawa, watau Girkawa, kamar yadda mu za mu ce alif, ba, ta. Kafin shi an yi Alfa da Beta da Delta, kuma an zaɓi wannan hanya ne don kada a riƙa kiran cuta da sunan wata ƙasa a jawo wa mutanenta tsangwama.

To, ta yaya cuta ta ke haifar da sabon nau'i? Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon littafi rubutun hannu zai gane wannan nan da nan. Almajiri ya kwafa daga littafin malaminsa, wani ya kwafa daga nasa, a haka sai ɗigo ya faɗi a nan, wasali ya sauya a can, bayan hannu goma sai ka ga kalma ta zama wata dabam. Haka ƙwayar nan ta ke. Da ta shiga jikin mutum sai ta dinga kwafar kanta dubu bisa dubu, kuma a cikin kwafar a kan sami kure. Mafi yawan kurakuran ba su ƙara ta da kome, amma jefi-jefi a kan sami wanda ya sa ta fi saurin yaɗuwa, sai wannan kwafi ya rinjayi sauran. Omikron ya zo da sauye-sauye kimanin 50, fiye da 30 daga ciki a kan ƙayoyin da ke bayan ƙwayar, waɗanda da su ta ke maƙalewa ta buɗe ƙofar shiga jiki. Abin da ya tayar da hankalin masana ke nan, domin alluran da aka yi wa mutane siffar tsohuwar ƙayar suka koya wa jiki.

Mutanenmu ba su manta da abin da ya biyo baya ba. Ran 1 ga Disamba hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya ta ce an sami nau'in a ƙasar nan. Ran 6 ga wata Ingila ta rufe ƙofa ga matafiya daga Nijeriya, ta sake buɗewa ran 15 da ta ga cutar ta riga ta cika mata gida. Saudiyya ma ta dakatar da jiragen da ke tashi daga nan cikin wannan wata, masu niyyar Umra da fatake suka yi ta zaman jira. Waɗanda suka faɗi gaskiya suka sanar da duniya da wuri, su aka fara hukuntawa da rufe ƙofa, kuma a ganinmu wannan ba adalci ba ne.

Yanzu sai mu koma ga Alhaji da allurarsa. Kuskuren da ya shiga cikin maganarsa, kuma ya shiga maganar mutane da yawa har da masu boko, shi ne haɗa abu biyu a kira su da suna ɗaya. Kariya daga kamuwa dabam, kariya daga tsananin ciwo dabam.

Ran 14 ga Disamba 2021 wani babban kamfanin inshorar lafiya na Afirka ta Kudu, mai suna Discovery Health, ya fitar da abin da ya gani bayan duba sakamakon gwaji fiye da 211,000. Ya ce allura biyu ta Pfizer, wadda a lokacin Delta ta ke kare mutum daga kamuwa da kashi 80 cikin 100, ta faɗo zuwa kashi 33 a gaban Omikron. Amma kariyarta daga kwanciya asibiti, wadda a da kashi 93 ce, ta tsaya a kashi 70. Ku dubi bambancin nan da kyau. Ɗaya ta rushe, ɗaya kuwa ta ɗan sunkuya kawai. Daga baya hukumar lafiya ta Ingila ta bi mutanenta ta ga cewa lokaci ma yana cin kariyar farko. Wanda ya yi allura biyu ta Pfizer, a makonnin farko kariyarsa daga rashin lafiyar Omikron kusan kashi 65 ce, amma bayan mako 25 ba ta kai kashi 10 ba. In ya yi ta uku sai ta komo wajen kashi 67, bayan mako 10 ta sake sauka ƙasa da rabi. Kariya daga kwanciya asibiti kuwa, bayan allura ta uku, ta kusa kashi 90. Alhajinmu da ya kamu bayan wata bakwai, ashe bai saɓa wa lissafin likitoci ba, a kan lissafin ya faɗo daidai.

Ya kamata mu tsaya mu bayyana ma'anar wannan kashi, domin mun ji ma'aikata masu ilmi suna fassara shi ba daidai ba. In an ce kariya kashi 70, ba a nufin mutum 70 sun tsira sarai, 30 kuwa allura ba ta yi musu kome ba. Abin nufi shi ne, in ka ɗauki taro biyu masu yawa ɗaya da shekaru ɗaya, ɗaya an yi masa allura ɗaya ba a yi ba, to inda mutum 100 za su kwanta asibiti daga taron da ba a yi wa ba, mutum 30 ne za su kwanta daga wanda aka yi wa. Kowa a cikinsu an rage masa haɗari, ba wanda aka ba takardar tabbaci.

Dalilin wannan bambanci yana cikin hikimar da Allah Ya gina jikin ɗan Adam da ita. Garkuwar jiki ba runduna ɗaya ba ce. Akwai wasu sinadarai da ke yawo cikin jini, aikinsu kamar na masu tsaron ƙofar gari ne. An nuna musu kamannin ɓarawo, in sun gan shi sai su riƙe shi tun bai shiga ba. Waɗannan da kamanni su ke aiki, kuma yawansu yana raguwa in watanni suka shuɗe. Omikron ya sauya riga da rawani, sai ya wuce da yawa daga cikinsu. Amma a cikin gari akwai wasu dakaru, ƙwayoyin jini ne farare, waɗanda ba riga kaɗai su ke dubawa ba. Sun san ɓarawon ta alamomi da yawa waɗanda bai sauya ba, kuma ba su da saurin mantuwa. Ba su hana shi tsallake ganuwa, sai dai su bi shi gida gida su rushe inda ya ɓuya kafin ya kai ga huhu ya yi ɓarna. Shi ya sa mai allura ya kan kamu, ya yi kwana uku ko biyar yana jin jiki, ya miƙe.

Mu da mu ke karanta Sira muna da misalin da ya fi wannan kusa da zuciya. Ranar Uhudu Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fita da sulke biyu, ɗaya bisa ɗaya, da kwalkwali a kansa. Duk da haka an yi masa rauni, haƙorinsa mai albarka ya karye, zobban kwalkwalin suka shige kumatunsa. Shin akwai wani sahabi da ya ce tun da an ji masa ciwo sulke ba shi da amfani? Babu. Kowa ya san ba a sa sulke don a hana abokin gaba harbi, ana sa shi ne don kibiyar da za ta huda ƙirji ta tsaya a ƙujewa. Wanda ya fi dukan halitta tawakkali ya ga dacewar ya ninka sulke, mu kuwa muna jin nauyin allura ta uku.

A nan dole mu faɗi wata gaskiya, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Masu shela a farkon lamarin sun yi wa jama'a bayani kamar allura ganuwa ce wadda ba a tsallakewa. Da aka tsallake ta sai mutane suka ga kamar an yaudare su. Da tun farko an ce musu sulke ne, da ba a sha wannan wahala ba. Wanda ya zuzuta kayansa fiye da yadda su ke, ran da mai saye ya ga aibi ɗaya ba ya ƙara yarda da sauran maganarsa, kuma 'yan kasuwa sun fi mu sanin haka.

Saura rabin tambaya na biyu, watau cewa sabuwar cutar ba ta da zafi. Wannan magana tana da asali. Wata likita a Pretoria, Angelique Coetzee, wadda a lokacin ita ce shugabar ƙungiyar likitocin Afirka ta Kudu, tana cikin waɗanda suka fara cewa marasa lafiyan da ta ke gani gajiya da ciwon kai da ciwon jiki su ke fama da su, ba sarƙewar numfashi ba. A tsakiyar Disamba masana a Jami'ar Hong Kong suka gwada ƙwayar a kan naman jikin mutum cikin ɗakin bincike, suka ga tana hayayyafa a bututun da ke kai iska huhu ninki 70 fiye da Delta, amma a cikin naman huhun kansa hayayyafarta ta gaza ta ƙwayar asali da ninki 10. Watau ta fi son zama a zaure, inda tari da atishawa ke fitar da ita ga na kusa, ba ta cika shiga ƙuryar ɗaki ba. Wani babban bincike a Ingila, wanda mujallar likitoci ta Lancet ta buga cikin Maris 2022, ya nuna cewa wanda Omikron ya kama, haɗarin kwanciyarsa asibiti ya gaza na mai Delta da kashi 59 cikin 100, haɗarin mutuwa kuwa da kashi 69.

Duk wannan gaskiya ne. Amma "ya fi Delta sauƙi" dabam, "ba shi da haɗari" dabam. Damisa ba ta kai zaki ba, amma ba a sa yaro ya yi wasa da ita. Kuma akwai abin da malaman usulu ke kira ƙiyasi tare da bambanci, watau ka auna abu da wani abu alhali ba su haɗu a kan illa ba, kuma irin wannan ƙiyasi ɓatacce ne. Mutanen da Omikron ya fara samu a Afirka ta Kudu ba mutane ne da cutar ba ta taɓa gani ba. An ɗebi jinin jama'a a lardin Gauteng, inda Johannesburg da Pretoria su ke, dab da tasowar Omikron, aka tarar kashi 73 cikin 100 jikinsu ya riga ya san ƙwayar, wasu ta hanyar allura, mafi yawa ta hanyar kamuwa a guguwa uku da suka gabata, waɗanda suka kashe dubban mutane. Ga shi kuma yawancinsu matasa ne. To, sauƙin da aka gani, nawa ne na ƙwayar kanta, nawa ne na sulken da ke jikin mutane? Ba a iya rarrabewa sai an sami wurin da Omikron zai tarar da tsofaffi ba sulke.

An kuwa sami wurin, kuma abin da ya faru a can ya isa ishara. Hong Kong birni ne a kudancin ƙasar Sin, mai mutum fiye da miliyan 7, wanda fatakenmu da yawa sun san shi. Hukumominsa sun tsare ƙofofinsu da tsananin gaske, har cikin shekara biyu na farkon annobar mutum 213 kaɗai suka rasu. Da ya ke cutar ba ta yawo a gari, sai tsofaffi suka ga ba su da bukatar allura, wasu kuma suka ji tsoron ta tayar musu da ciwon da su ke da shi. A ƙarshen 2021, cikin waɗanda suka kai shekara 80, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ya yi allura. Ba su taɓa kamuwa ba, ba su kuma yi rigakafi ba. Sai wani reshe na Omikron ya shiga. Daga 6 ga Janairu zuwa 21 ga Maris 2022, mutum 5,906 suka mutu. Kashi 96 cikin 100 nasu 'yan shekara 60 ne zuwa sama, kuma kashi 70 na waɗannan ba su yi allura ko ɗaya ba. Da aka yi lissafi sai aka ga dattijon da bai yi allura ba ya fi wanda ya yi biyu ko uku haɗarin mutuwa da kimanin ninki 20. Asibitoci suka cika har aka jera gadaje a waje cikin sanyi, ɗakunan ajiye gawa suka kasa ɗauka sai da aka kawo manyan akwatunan ƙarfe masu sanyi irin na jirgin ruwa. Wannan fa birni ne mai arziki da ƙwararrun likitoci.

A daidai wannan lokaci Omikron ya shiga New Zealand, wadda ita ma ta tsare ƙofa mutanenta ba su kamu ba a baya. Bambancin kawai, fiye da kashi 90 na dattawanta sun yi allura. Mutane suka kamu da ɗimbin yawa, amma mace-macen ba su ko kusa da na Hong Kong ba. Ƙwaya ɗaya, lokaci ɗaya, sakamako biyu. A nan ƙiyasi ya inganta, domin an haɗu a kan kome sai abu ɗaya. Kuma binciken da aka yi a Hong Kong ɗin ya nuna cewa allura uku, ko ta Jamus da Amurka ce ko ta Sin mai suna CoronaVac, ta kare mutane daga tsananin ciwo da mutuwa da kusan kashi 98 cikin 100.

Akwai kuma wani lissafi da ɗan kasuwa zai riga malami ganewa. Riba kaɗan a kan kaya mai yawa ta fi riba mai yawa a kan kaya kaɗan. Haka hasara. A matsayin misali kawai, in wata cuta tana kwantar da mutum 10 cikin 1,000, ta kama mutum 1,000, gado 10 a ke bukata. In wata tana kwantar da 4 kaɗai cikin 1,000 amma ta kama mutum 10,000, gado 40 a ke bukata. Abin da Omikron ya yi ke nan. A Amurka an rubuta fiye da mutum miliyan ɗaya da suka kamu a rahoton rana guda a farkon Janairu 2022. Shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Ghebreyesus, ya yi gargaɗi cikin wannan wata kada a kira nau'in da mai sauƙi, kuma a farkon Fabrairu hukumar ta ce mutum rabin miliyan sun mutu a duniya tun daga ranar da aka sa masa suna, cikin mako goma da 'yan kai.

To, maƙwabcin Alhaji fa, da bai yi allura ba ya kuma tashi lafiya? Muna taya shi murna. Mafi yawan waɗanda ke kamuwa, da allura da babu, suna tashi, musamman masu ƙuruciya, kuma mai yiwuwa ne ya taɓa kamuwa a baya bai sani ba, jikinsa ya sami nasa sulken ta hanya mai haɗari. Amma mutum ɗaya ba ya zama hujja. Wanda ya haye kogi da damina ba kwalekwale ya kai gaci, ba shi ke nuna kogin ba ya cin mutane ba, domin waɗanda ya ci ba su dawo sun ba da labari ba. Ƙasarmu Allah Ya sassauta mata, abin da hukuma ta rubuta na mace-mace bai wuce 3,100 da 'yan kai ba, ko da ya ke gwajin da aka yi kaɗan ne, kuma yawancin jama'armu yara ne da matasa. Amma mutanen Kano ba su manta da watan Afrilu na 2020 ba, lokacin da aka yi ta binne dattawa, malamai da attajirai da tsofaffin ma'aikata, har Ministan Lafiya na lokacin ya ce an ƙidaya mutum 979, kuma rabi ko fiye da rabi korona ce sanadinsu. Cutar nan ta san waɗanda ta ke nema.

Ba mu ce tsoron da mutanenmu ke yi wa allura ba shi da tushe ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, an gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara a Kano, aka yi shekaru ana shari'a, har kamfanin Pfizer ya yi sulhu da Gwamnatin Jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A Disamban 2021 ɗin nan ma hukumomin Nijeriya sun lalata allura fiye da miliyan ɗaya a Abuja, domin ƙasashen da suka ba da ita kyauta sun aiko ta ne dab da ƙarewar wa'adinta. Kuma alluran kansu ba su rasa illa ba. An tabbatar cewa irin su Pfizer da Moderna su kan jawo kumburin naman zuciya ga 'yan kaɗan, galibi samari, mafi yawansu kuma su warke. Ta AstraZeneca kuwa, wadda ita aka fara kawo mana cikin Maris 2021, an same ta da haddasa wata irin daskarewar jini ga mutane ƙalilan ƙwarai, wasu har suka rasu. Ɓoye wannan ha'inci ne. Amma Shari'a ba ta ce a guji ƙaramar cuta a faɗa babba ba, cewa ta yi a auna. Ga dattijo mai shekara 70 da ciwon sukari, ma'aunin ya rinjaya ƙwarai wajen allura. Ga saurayi lafiyayye wanda ya riga ya kamu, rinjayen bai kai haka ba, shi ya sa ma likitoci daga baya suka bambanta shawararsu bisa ga shekaru.

Masu cewa neman kariya rashin yarda da ƙaddara ne, mas'alarsu an gama ta tun shekara ta 18 bayan Hijira. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya nufi Sham, da ya isa Sarga aka gaya masa annoba ta faɗa ƙasar. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru, ya yanke komawa Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara ya ke yi, shi kuwa ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, kamar makiyayin da ya zaɓi gefen kwari mai ciyawa ya bar busasshe, duk wanda ya zaɓa da ikon Allah ya zaɓa. Annobar nan ta Amwasa ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal da dubban Musulmi, ba ta lafa ba sai da Amru ɗan Asi ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu. Ba ɗayansu da ya jira yaƙini kafin ya ɗauki mataki. Da zato mai rinjaye suka yi aiki, kuma da shi a ke gina mafi yawan hukunce-hukuncen fiƙihu. Allura ma abin da ta ke bayarwa ke nan. Mun kuwa daɗe muna karɓar wannan ba gardama, domin ba alhajin da ke hawa jirgi ba tare da katin allurar sanƙarau da shawara ba. A 2020 da 2021 ba maniyyacin da ya tashi daga Nijeriya, sai a 2022 aka ba mu kujera 43,008, da sharaɗin allura da kuma kada a wuce shekara 65.

Ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci da ta sa a kan korona. Ba cewa ta yi cutar ta ƙare ba. Jikokin Omikron sun ci gaba da fitowa, kowane da nasa baƙaƙe da lambobi, kamfanoni kuma suna sabunta allura don ta dace da sabuwar ƙaya, kamar yadda a ke yi wa allurar mura a ƙasashen sanyi. Tun cikin Maris 2023 masu ba hukumar shawara suka ce waɗanda za a fi ba muhimmanci wajen allurar ƙari su ne tsofaffi, da masu ciwon sukari ko na zuciya, da waɗanda garkuwar jikinsu ta raunana, da mata masu ciki, da ma'aikatan asibiti. Duk ran da rediyo ya sake cewa ga sabon nau'i, kada mu firgita don an ce ya tsallake allura, sai mu tambaya, tsallakewar kamuwa a ke nufi ko ta kwanciya asibiti. In kuma an ce mai sauƙi ne, sai mu tambaya a jikin su wa aka gwada sauƙin.

Da muka kai nan sai Alhaji ya ce, to shi yanzu me ya rage masa. Muka tambaye shi ko yana da tsoho a gida, ya ce mahaifiyarsa tana nan, ta haura 80, ga hawan jini. Muka ce to ita ce abin dubawa, ya kai ta wurin likita a ji shawararsa a kanta. Shi kuma, tun da ya gane cewa mai allura yana kamuwa yana kuma iya ɗauka ya kai wa wani, ran da ya ji zazzaɓi da tari kada ya shiga ɗakinta gaisuwa sai ya rufe hanci da baki, kada kuma ya ce ai 'yar mura ce ya je ya matsu a sahun gaba, inda galibi dattawan unguwa ke tsayawa. Malamanmu na Malikiyya sun lissafa rashin lafiya da kuturta mai tsanani cikin uzuran da ke halatta barin Jumma'a da jam'i, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halilu, an kuma hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa kusantar masallaci don wari kawai. Ya yi sallarsa a gida kwanakin nan har ya warware. Allah Shi ne Mafi sani.